Gaisuwar da Ta Ci Mini Haƙori

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wani hantsi a Rano ba, a daminar shekarar da aka samu mulkin kai. Duk sanda harshena ya leƙa wannan giɓin na gaban bakina sai in ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na alli, in ga reshen tsamiya yana ɗigo mini ruwa a ka. Jikokina sun ɗauka shekaru ne suka cire haƙorin, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Gaskiyar magana tun ina saurayi ya tafi, kuma ilimi ne ya cire shi.

Ni mutumin Kibiya ne. Da na gama kwalejin horon malamai aka turo ni wata babbar firamare a Rano, na sauka a gidan ƙanwar mahaifina, Gwaggo Tabawa. Na zo da akwatin ƙarfe, da keke, da fararen kaftanai biyu, da kai cike da iska.

A kwaleji akwai darasi guda da ya shiga raina ya ƙi fita. Malaminmu na kimiyya ya ce duk abin da ke tafiya yana ɗauke da wani ƙarfi wanda ba shi da shi in yana zaune, kuma ana iya lissafa wannan ƙarfin. Ka ɗauki rabin nauyin abin, ka ninka da gudunsa, ka sake ninkawa da gudun, shi ke nan. Turawa suna da sunan da suka ba shi, ni kuwa na raɗa masa ƙarfin tafiya. Abin da ya fi tsuma ni shi ne gudun nan da ke shiga lissafin sau biyu. In ka ruɓanya nauyi, ƙarfin ya ruɓanya kawai, amma in gudu ka ruɓanya, sai ƙarfin ya zama ninki huɗu. Abokaina sun haddace, sun ci jarrabawa, sun manta. Ni kuwa tun daga ranar duniya ta daina zama wuri ɗaya a idona.

In na ga mata suna daka, ba dawa nake gani ba, taɓarya nake bi da ido, ina auna ta a raina tana sauka. In balbelu suka tashi daga bayan shanu sai in tsaya a tsakiyar hanya ina tunanin nauyin kowacce. Ɗan giginya ya faɗo tim, mutane su ce Allah ya kiyaye, ni kuma in ɗaga kai ina ƙiyasta tsawon bishiyar. Da yamma nakan zauna a tsakar gida in kalli hadari yana tasowa ta bayan duwatsun Rano, baƙi wuluk, yana tafiya a hankali, in ce a raina wannan ko nauyinsa nawa, kuma wa zai iya tare shi. A wannan shekarar kowa yana mafarkinsa, tunda an ce Turawa za su tafi su bar mana ƙasa. Wasu suna mafarkin muƙami, wasu mota. Ni mafarkina in wayi gari kowane yaro a ƙasar Rano ya iya lissafa ƙarfin tafiya, daga nan sai jiragen sama su fara fitowa daga ɗan garin Rurum da ke kusa da mu.

"Kai, tuwon nan ya huce tun ɗazu," in ji Gwaggo. "Wai me kake kallo a sama ne? Ko an yi maka alkawarin za a jefo maka wani abu?"

Akwai dai abu guda a ƙasa da ya iya sauko da idona, wato Kulu. 'Yar Fulanin Saji ce, irin waɗanda suka daɗe da zama suna noma suna kiwo, kuma duk ranar kasuwa takan kawo wa Gwaggo man shanu. Doguwa ce, ba ta da gaggawar magana, amma in ta yi sai ka kwana kana juya ta. Ranar da na fara samun ƙarfin halin tsayawa da ita a zaure, abin da na ga ya dace in yi wa budurwa hira da shi shi ne rabin nauyi a ninka da gudu. (Na sani. Ba sai kun faɗa ba.) Ta saurara har ƙarshe, ƙwarya a hannu, sannan ta ce, "To Malam, in na juya yanzu na ruga, ƙarfina nawa ke nan?"

Na ce, "Sai na san nauyinki tukuna."

Ta rufe baki da gefen zane tana dariya har ƙwaryar tana rawa. Ta ce, "Wannan kuma sai ka je Saji ka tambayi Baffa."

Ban gane ba sai da dare ya yi gari ya waye, Gwaggo ta fassara mini cewa an ba ni izinin neman aure ke nan. Ta ƙara da cewa ita ba ta san abin da yarinyar nan ta gani ba, amma Allah ba ya hana wawa rabonsa.

Baffa shi ne mahaifin Kulu. Ba zan kama sunansa ba, suruki ne, har yau bakina yana jin nauyi. Duk ƙasar Saji an san shi da abu guda, wato ladabi. Ba ya ɗaga murya, ba ya ci a gaban mutane, ba a taɓa ganin haƙoransa a waje ba, kuma ba abin da ya tsana kamar yaron da bai iya gaisuwa ba. A zamanin, in kana kan keke ka hango dattijo, tun daga nesa za ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka tsuguna har ƙasa. Na san wannan sarai, domin da dundu mahaifiyata ta koya wa gwiwoyina a Kibiya tun ban iya ɗaura wando ba.

Ranar da na fara zuwa Saji, da la'asar ne bayan an ɗauke ruwa. Dawa ta yi tsawo ta rufe hanya ta kowane gefe, iska tana kaɗa ta, komai ya yi shar. Akwai wata gangara kafin a shiga gari. Da na hau kanta sai na ɗauke ƙafa daga feda na saki keken, kaftanina ya cika da iska, na ji kamar ba a ƙasa nake ba. Sai lissafi ya zo mini. Nauyina da na keke na sani, saura gudu, don haka na shiga ƙirga itatuwan gefen hanya ina auna yadda suke wucewa. Ina cikin ninkawa na wuce wani abu fari dogo a gefen hanya, na sa shi a lissafi a matsayin itace.

Ba itace ba ne. Na isa ƙofar gidan, aka shimfiɗa mini tabarma aka ce maigidan yana tafe. Can sai ga wani dogon dattijo da malafa da sanda, da ɗigon taɓo a jere tun daga gefen farar rigarsa har kafaɗa. Na zube na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya dubi keken da ke jingine, ya dubi rigarsa, ya shige gida.

Bayan kwanaki kawuna ya taso daga Kibiya da goro ya je neman aure. Ya dawo fuska ba walwala. Ya ce Baffa bai ce a'a ba, bai kuma ce i ba. Abin da ya ce shi ne, an gaya masa boko yana sandarar da gwiwar yaro, shi kuma ya ga alama da idonsa a kan hanya. Zai zo Rano wata rana ya ga yaron a wurin aikinsa, ba tare da ya faɗi ranar ba, daga nan zai yanke magana. In abin da ya gani bai yi masa ba, kada a sake aiko masa da goro.

Na ji tsoro ƙwarai, don ina son Kulu so na gaske, irin wanda ke hana mutum gane ɗanɗanon miya. Gwaggo ta ɗauki abin kamar yaƙi. Kullum da safe kafin in fita sai ta tare ni a bakin zaure.

"Ko a ina ka ji muryarsa, ka zube. Ko a bakin rijiya ne, ko a kan katanga kake. Kada ka tsaya tunani, tunanin nan naka shi ya kai mu ga wannan. Ka ji ko?"

"Na ji, Gwaggo."

"Ba kai nake so ka ji ba, gwiwarka."

Sati ya wuce, wani ya bi bayansa, Baffa bai zo ba. Tsoron ya fara lafawa, tsohon ciwona ya dawo. Ƙarfin tafiya ba ya cikin abin da aka ce in koyar, aikina tarawa da ɗebewa da rabawa ne, amma na daɗe ina sato shi ina cusa wa 'yan ajina a ƙarshen darasi. Suna rubutawa, suna kallona da idon tausayi. Na ga ba za su yarda ba sai sun gani, sai na tuna wani gwaji da malaminmu ya taɓa ba mu labari. Ka rataye abu mai nauyi da doguwar igiya, ka ja shi baya har ya taɓa hancinka, ka sake shi ba tare da ka tura ba. Zai tafi, ya dawo da gudu kamar zai fasa maka fuska, amma yana zuwa dab da hancinka zai tsaya cak ya koma. Ba zai taɓa wuce inda ka sake shi ba. Sharaɗi guda ne kawai, kada ka motsa.

Ƙarfen da ya dace ban samu ba, sai idona ya faɗa kan tulun Gwaggo. Tsohon tulu ne da ta zo da shi tun aurenta, ruwansa sanyi kamar na ƙorama, ba ta yarda kowa ya ɗauke shi daga gindin bangon da yake. Na ce mata aron sa zan yi, yara za su zana shi. (Allah ya yafe mini.) Na haɗa da ragayar da take rataye ƙwarya, da igiyar guga. Na biya ta kasuwa wurin masu awon gyaɗa, na cika shi da ruwa na ɗora a sikeli, ya ba da laba ashirin. Mai sikelin ya tambaye ni ko ruwa ma yanzu kamfani yana saye.

A bayan ajinmu akwai wata tsohuwar tsamiya mai reshe guda da ya miƙo ta wajen ginin. A nan na ɗaure igiyar, tulu a cikin ragaya yana reto. An yi ruwa da asuba, rana ta fito da laushi, kowane ganye yana ƙyalli. Na sa aka fito da allo, yara suka zauna a gefe biyu suka bar hanya a tsakiya. Na sa kaftanin da ya fi fari.

Na ce, "Ku duba nan. In na ja tulun nan zuwa hancina, ya tashi ƙafa huɗu sama da inda yake reto. A nan ba ya tafiya, don haka ƙarfin tafiyarsa babu. In na sake shi, tsawon nan zai riƙa komawa gudu, har in ya iso tsakiya yana cin ƙafa goma sha shida a sakan guda. To mu lissafa. Rabin ashirin?"

"Goma," suka ce baki ɗaya.

"Goma sau goma sha shida, sannan a sake sau goma sha shida."

Aka yi ta kokawa da alluna, daga ƙarshe muka tsaya a kan dubu biyu da ɗari biyar da sittin. Na rubuta shi da manyan baƙaƙe na ja masa layi biyu. Wata murya daga baya ta ce, "Malam, dubu biyu da ɗari biyar da sittin na mene ne?" Na ce na ƙarfi mana. Ta ce, "Yana da yawa ne ko kaɗan?" Na ce za ku gani. Ban san da bakina zan ba da wannan amsar ba.

Na bayyana musu sauran. In tulun ya wuce tsakiya zai fara hawa, gudun ya riƙa komawa tsawo, ya tsaya can, ya juyo, ya sake yin yadda ya yi. Abin da ya tafi da shi, da shi zai dawo, ba ƙari. Yana isowa hancina gudunsa ya ƙare, in kuma gudu ya ƙare, ko da me ka ninka shi babu za ka samu. Na jingina bayana da ƙeyata a bangon aji, na jawo tulun da hannu biyu har sanyinsa ya taɓa hancina. Yara suka yi tsit, wasu suka rufe ido da tafin hannu suna leƙe ta tsakanin yatsu.

A nan ne bakina ya ja mini. Na ce, "Wanda ya yarda da lissafi ba ya motsi. Yau ko Gwamna ne ya zo nan, ba zan gusa ba."

Na saki.

Har yau ban ga abu mai kyau kamar tafiyar tulun nan ba. Ya bar fuskata a hankali kamar ba ya so, ya ƙara sauri, ya ratsa tsakanin yara yana shan iska, ruwan ciki yana wata 'yar ƙara mai daɗi. Ya hau can ɗaya gefen ya shiga hasken rana, ya tsaya kamar an riƙe shi, ɗigo guda ya fito daga bakinsa yana walƙiya. A wannan ɗan tsayin na ga komai. Na ga yaran nan sun girma sun zama injiniyoyi, na ga gada a kan kowane rafi daga Lausu har Kibiya, na ga Kulu a ƙofar wani gida mai rufin kwano tana jiran in dawo. Na lumshe ido don in ƙara jin daɗin abin. Tulu kuwa ya juyo.

"Salamu alaikum."

Daga kusurwar ginin muryar ta fito, a hankali, ba gaggawa. Hedimasta ne ya rako baƙo ta bayan aji, kuma muryar nan ko a cikin kasuwa zan gane ta.

Ina so ku fahimce ni, ban yanke shawarar komai ba. Kaina ya san akwai laba ashirin a kan hanya, shi ya lissafa su ma. Amma gwiwoyin da aka yi wa horo a Kibiya, aka sake yi musu tuni kowace safiya a bakin zaure, ba su nemi izinin kai ba. Na ji ƙafata ta zare daga takalmi, na yi taku guda gaba, na duƙa na tafi ƙasa, bakina yana cewa, "Amin, wa alaikumus..."

A hancina tulun ba shi da gudu, wannan gaskiya ne har gobe. Amma ni na bar inda hancina yake, na gangara na tarye shi a inda yake da sauran gudunsa. Na ji wani tas, na ga wani farin haske mai taurari, sannan ruwan sanyi ya rufe ni tun daga hula har ƙafa. Tulun Gwaggo ya tarwatse. Wani abu ƙarami mai tauri ya yi tsalle daga bakina ya faɗa cikin taɓo.

Da idona ya washe sai na tarar ina tsugune, daidai yadda ake tsugunawa, hannu a kan gwiwa, kai a sunkuye. Kaftanina ya manne a jiki, jini yana ɗiga a ƙirjinsa. A sama da kaina wuyan tulun, shi kaɗai ya rage a ragaya, yana kai da kawowa a hankali yana yayyafa mini sauran ruwan. Yara ba wanda ya yi numfashi. Hedimasta ya buɗe baki ya kasa rufewa. Baffa kuwa yana tsaye da malafarsa da sandarsa, fuskarsa kamar kullum.

Mutum ne da ba ya barin gaisuwa a rabi. Tunda an fara, sai an kai ƙarshe.

"Barka da hantsi, Malam."

"Barka kadai, Baffa." (Sai dai ba haka ta fito ba, iska tana bi ta sabuwar ƙofar da aka buɗe.)

"An tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya aiki?"

"Da godiya."

"Yaya ruwa?"

Gaisuwar damina ce, kowa yana yin ta, kuma amsarta guda ce. Na ce, "Ya yi gyara."

A nan wani yaro ya kasa riƙewa, ya fashe, sauran suka bi, har da masu birgima a ƙasa. Hedimasta ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Baffa bai ko murmusa ba. Ya ɗaga kai ya dubi tsamiya, ya dubi igiya, ya dubi allon da ke ɗauke da dubu biyu da ɗari biyar da sittin, ya ce, "To madalla. Sannu. A sa gishiri a ruwan ɗumi." Ya juya ya tafi.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da ya zo ya ga ko ina da natsuwa ya same ni ido a rufe, na rataye tulu a jikin tsamiya, kamar mai yi wa iskokai hidima. Kafin azahar labari ya gama Rano, kafin magariba na zama Malam Tulu, sunan da wasu tsofaffi suke kirana da shi har yanzu. Gwaggo ta karɓi ragaya da wuyan tulunta ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Da ka ce za a zana shi, ashe a fuskarka za a zana." Sannan ta dafa mini ruwan gishirin, tana yi tana faɗa, tana share hawaye, ban san na tulun ba ne ko nawa.

Na kwanta a ɗaki leɓe a kumbure, na ƙi fita. Ban damu da haƙori ba, ban damu da suna ba. Abin da ya tsaya mini a ƙirji shi ne na rasa Kulu, kuma da hannuna na ɗaura igiyar. Ko hadari ya taso ba na ɗaga kai.

Ranar kasuwa na ji muryarta a tsakar gida tana gaida Gwaggo. Na ja mayafi na rufe kai. Can na ji takunta ya tsaya a bayan asabarin ƙofata.

"Malam, an ce ka yi baƙo."

Na ƙara ƙudundunewa cikin mayafin.

"Ba za ka tambayi abin da Baffa ya ce ba?"

Na ce daga cikin mayafi, "Na san abin da ya ce."

"Ba ka sani ba. Da ya dawo bai yi wa kowa magana ba, ya wuce garke ya daɗe. Inna ta ce ta hango shi ya dafa turke, bayansa yana girgiza, ta ɗauka ciwo ne." Ta ɗan tsaya, na ji tana danne tata dariyar. "Da ya fito sai ya kira ni. Ya ce ya je Rano neman abu biyu, hankali da ladabi. Hankali dai bai gani ba, ko ɗigo. Amma yaron da tulu ke tahowa kansa, ya ji sallamar babba ya zube, ba a taɓa yi masa irin wannan gaisuwar ba tunda aka haife shi. Ya ce ladabi in babu shi ba a saye, hankali kuwa mace takan zo da shi daga gidansu. Ya tambaye ni ko zan iya. Na ce zan gwada."

Na yaye mayafin. Na ce, "Kulu, gaskiya ba ni na zube ba, gwiwata ce."

Ta ce, "To ka riƙe wannan a cikinka. A gaya wa Kawu ya kawo goron."

Bayan kaka aka ɗaura aure. A cikin kayan da aka kawo daga Saji akwai sabon tulu guda da Baffa ya ce a ba Gwaggo, ba saƙo, ba bayani. Ta karɓa ta ce ruwansa bai kai na wancan sanyi ba, kuma haka ta yi ta faɗa har ta koma ga Allah.

Na yi shekaru ina koyarwa, kuma na sake yin gwajin nan ba sau ɗaya ba, da buhun yashi, a cikin aji, ƙofa a kulle. Bai taɓa taɓa hancina ba. Lissafin bai yi mini ƙarya ba ko a ranar farko, tulu ya cika alkawarinsa, ni ne na je na same shi a hanya. Na auna tulu, na auna igiya, na auna tsawo, abu guda na manta ban sa a lissafi ba, wato ɗan da mahaifiyata ta haifa.

Baffa bai taɓa tayar da maganar ba. Shekara da shekaru ina zuwa Saji ina tsugunawa, yana amsawa da fuskar nan tasa, har na ɗauka ya manta. Sai a ciwonsa na ƙarshe, ya tsufa ƙwarai, aka ce mu zo. Na shiga ɗakin na same shi a kwance ya rame, ido a lumshe, Kulu tana zaune a gefensa tana masa fifita. Na tuɓe takalmi, na yi sallama, na fara duƙawa. Sai ya ɗaga hannu da ƙyar ya tsayar da ni.

Ya ce, "Malam, duba sama tukuna."

Ranar na fara ganin haƙoransa, kuma duk suna nan, ba kamar nawa ba. Kulu ta kifa kai a kan gadon tana dariya tana kuka. Bayan kwana kaɗan ya rasu.

Shi ya sa in kun ga wani tsoho mai giɓi ya zo gaida mutane, ya ɗan ɗaga kai ya dubi rufi kafin ya tsuguna, kada ku ce ruɗewa ce. Umarnin surukina nake bi, kuma shi ne darasin kimiyya guda da na koya ba a kwaleji ba.